Illa Amadu Tara

Iliya ya danna gwiwa a kan akwatin, ya ja igiyar har ta yi ƙara, ya ƙulla, sannan ya sake ƙulla wani ƙullin a kan na farko. Makullin akwatin ya lalace tun a hanyar zuwa, don haka igiya ce makulli. Komai ya shiga ciki: riguna huɗu, rishon da yake dafa shayi, Littafi Mai Tsarki, da wasiƙun matarsa Esta guda goma sha ɗaya. Abu ɗaya kawai ya bari a waje, wasu 'yan takalman jar fata da ya saya wa 'yarsa Rut a kasuwar Tawa. Ya naɗe su a tsohuwar jarida ya sa a jakar hannu don kada kaya su danne su.

Ba wanda ya ce masa ya ɗaure kaya. Sai ƙarfe huɗu na yamma kwamiti zai zauna, kuma ba a san abin da zai yanke ba. Amma wata takwas a ɗaki ɗaya, da tabarma ɗaya da kofi ɗaya, ya isa ya sa mutum gaggawar da ba ta da kai. Ya bar Rut a Yamai tana rarrafe. A wasiƙar ƙarshe Esta ta rubuta cewa yarinyar ta fara tafiya, kuma duk namijin da ya shigo gidan da farar riga sai ta ce masa Baba. Esta ta rubuta wannan ne don ya yi dariya. Bai yi ba, kuma bai sake buɗe wasiƙar ba.

Iliya ɗan Dogon Dutsi ne, ma'aikacin Belkor, wani ƙaton kamfanin Faransa mai ofisoshi a Paris da Dakar da Abijan da Yamai. Belkor ba ya ƙera injuna. Abin da yake sayarwa shi ne lojisiyel, wato jerin umarnin da ake zuba wa ordinata, injin kwamfuta, a ciki don ta san abin da za ta yi. Iliya ya gaji da bayyana wannan a Tawa. Mutanen gari sun yanke cewa shi mai gadin inji ne, ya bar su a haka.

Daminar 1984 ta ƙi, ƙasar Adar, inda Tawa take, ba ta yanki ko zangarniya ba. Hatsin taimako ya riƙa zuwa a kamiyo, manyan motocin kaya, sojoji suka kafa kwamitin rabo, sunayen masu gida kuwa suna cikin manyan littattafai da gara ta fara ci. Nan Belkor ya ga ƙofa. Ya kawo ordinata da lojisiyel kyauta, ya haɗa da na'urar sanyaya ɗaki, ya haɗa da Iliya. Attahir, shugaban ciniki na ofishin Yamai, shi ya bayyana masa dabarar ranar da zai taso.

"Mu ba inji muke sayarwa ba, sabo muke sayarwa," in ji shi. "Ka zuba sunayen Tawa duka a cikin namu. Ranar da suka so canzawa, za su tarar babu injin da ke karanta faifanmu sai namu. Daga Tawa sai Maraɗi, sai Damagaram, sai ƙasar baki ɗaya. Ka ci mana Tawa, ka dawo Yamai in ba ka tebur kusa da taga."

Sai dai ba su kaɗai suka ga ƙofar ba. Wani kamfanin Kanada ma ya kawo nasa, mai araha, ya aje wakili a Tawa. Wakilin kuwa Haruna ne, wanda suka yi aji ɗaya da Iliya a Yamai. A watan farko tare suke cin tsire a bakin tasha, suna zagin zafi da shugabanninsu. Labari ya kai kunnen Attahir, ya bugo waya ya ce ba a cin abinci da abokin gasa. Tun daga nan sai ɗaga hannu daga nesa. Ran Lahadi Iliya kan je 'yar majami'ar gari, ya zauna a baya, ya fice kafin a gama gaisawa, don in an tambaye shi iyali bakinsa ba ya iya cewa lafiya lau yadda ya kamata.

Makamin Belkor ɗaya ne, kuma mai kaifi. Lojisiyel ɗinsu yana kama suna biyu. In suna ɗaya, da sunan uba ɗaya, da gari ɗaya, da shekarar haihuwa ɗaya suka fito fiye da sau ɗaya, sai ya bar na farko ya share sauran. Na 'yan Kanada bai iya wannan ba. A cikin gidajen da Iliya ya zuba, injin ya share dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu. An gwada sabon jerin a rabon watan jiya a garuruwan Barmu da Afala, hatsi har ya yi saura, kaftin ɗin da ke shugabantar kwamiti ya ji daɗi ƙwarai. Yau za a zaɓi kamfani ɗaya. In Belkor ya ci, gobe Iliya na cikin mota.

Ya isa ofishin kwamiti kafin takwas, rana ta riga ta fara cizo. A gindin bishiyar bedi ta bakin ƙofa wani dattijo na zaune, da sanda da 'yar salka. Kada a yi wa Iliya ƙarya, ya gan shi jiya, ya gan shi shekaranjiya. Masu zama a gindin bedin nan suna da yawa, kuma ya koyi wucewa yana duban makullin da ke hannunsa. Yau dai sojan da ke gadi ya zagaya, dattijon ya miƙe ya tare hanya, ya kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, kai na mai injin ga?"

"Ni ne, Baba. Amma ba ni ke rabo ba."

"Na sani. Daga Barmu ni hito. An ce inji ya ce na amshi hatsina. Ni kau ban amsa ba. Shi ya sa na zo in gane shi, shi hwaɗa mani ranar da ni amsa."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ciro katin iyalinsa daga cikin hula, ya miƙa da hannu biyu. Katin ya yi laushi don tsufa da zufa. Iliya ya karanta: Illa Amadu, Barmu, an haife shi wajen 1930, mutum goma sha ɗaya a gida. Da ya ce masa ya je wurin mai gari, da an gama. Abin da ya sa bai ce ba, shi kansa bai sani ba. Wataƙila don yana ganin yau ce ranarsa ta ƙarshe, wataƙila kuma don ya kwana uku ba wanda ya yi masa magana mai tsawon wannan.

Ya shigar da shi ɗakin injin. Dattijon ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, sanyi ya buge shi, ya ja rigarsa ya rufe ƙirji.

"Ashe nan kuka aje sanyin garin," ya ce.

Iliya ya kunna ordinata, ya jira ta gama gunaguninta, ya buga sunan. Koren rubutu ya fito layi tara. Takwas na ɗauke da alamar shara.

"Baba, sunanka sau tara ya fito."

"I, mu tara na."

"Ku tara?"

Dattijon ya jingina sandarsa da tebur, ya fara lanƙwasa yatsu. "Akwai Illa Gajere. Akwai Illa Mai Raƙumi, ko da raƙumin ya mutu bara. Illa na Bakin Rijiya. Illa Maƙeri. Illa Baƙi da Illa Ja, waɗanga maƙwabta na. Illa Liman. Illa Ɗan Abijan, shi shina can, matatai ka riƙon gida. Ni kau Illa Kurma aka ce mani. Ba don ban ji ba, don ban son maganar banza."

"Kuma duk ubanku Amadu?"

"Kowa da Amadunai. Amadu ai ba shi da wuya."

Ya bayyana sauran a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanyar rijiya. Wani malami, Malam Illa, ya taɓa zama a garinsu, ya yi roƙon ruwa aka samu, aka yi shekaru duk ɗan da aka haifa sunansa ake sa masa. Shekarar haihuwa kuma, wani ma'aikacin ƙidaya ne ya zo zamanin Nasara, ya jera samari a rana, ya dubi tsayinsu, duk wanda gemu ya fara tsiro masa ya rubuta masa wajen 1930. Katin ba shi da wurin laƙabi, ma'aikacin kuma bai tambaya ba. A Barmu ba wanda ya taɓa rikicewa. In ka ce Illa Amadu sai a ce maka wanne.

Iliya ya duba lambar katin, ya duba layin da injin ya bari, ya karanta wa dattijon abin da ke ciki, shi kuwa ya gane gidan nan take. Illa Ɗan Abijan ne, wanda shi kaɗai a cikin taran yake da mai aiko masa abinci.

"Me kuke ci yanzu, Baba?"

"Anza, ɗiyan itacen daji. Muna jiƙa ta kwana huɗu, mu zubar da ruwan, ɗacin shi rage. Manya na haɗiyewa. Jikata ƙarama ta, ita ba ta iyawa."

Abin da ya fi ci wa Iliya rai shi ne ba yau ya fara gani ba. Tun watan Fabrairu, yana zuba sunaye, ya lura Illa da Talatu da A'isha sun yi yawa a cikin waɗanda ake sharewa. Wani abu ya taɓa shi a lokacin, sai ya ce wa kansa mutanen Paris sun fi shi ilimi, ya ci gaba da bugawa. Gaskiyar magana, lambar tana hawa, kowace hawa kuma tana matso da shi Yamai, shi ya sa bai tsaya ba. Ya ji kunya ta rufe shi har ya kasa duban dattijon. Ya ce masa ya koma inuwa ya jira, kada ya tafi.

Attahir ya iso da azahar a farar mota Fijo, ya fito yana karkaɗe babbar riga. Ba mugu ba ne. Ya kawo wa Iliya burodin Yamai da gwangwanin madara, ya ce ya rame. Suka zauna a ɗakin injin, Iliya ya nuna masa layi taran, ya faɗa masa komai. Attahir ya saurara yana murza zoben hannunsa.

"A cikin dubu huɗun, nawa ne irin wannan?"

"Ban sani ba, Mushe. Wataƙila rabi. Wataƙila sun fi."

"To ba ka sani ba ke nan. Abin da ba ka sani ba, ba ka faɗarsa a gaban soja." Ya sassauta murya. "Ji nan. A sa hannu yau. Jibi in aika wa Paris, su ƙara gurbin laƙabi, a gyara. In ka buɗe baki yau, 'yan Kanada su ɗauke Tawa, su ɗauke ƙasar, kuma nasu injin ba abin da zai gyara wa kowa."

"Paris wata nawa za su yi?"

"Huɗu. Shida in an yi rashin sa'a."

"Mutanen anza suke ci."

"Tsohon naka zan sa a ba shi buhu yau, daga nan. Na yi maka alkawari."

"Sauran fa?"

Attahir ya kau da kai. Ya dubi jakar hannun da ke gefen kujera, inda jarida ta ɗan buɗe, bakin jan takalmi ya leƙo.

"Motata na da wuri," ya ce. "Gobe mu yi sammako, la'asar kana riƙe da 'yarka. Ka san Esta ba za a canza mata makarantar da take koyarwa zuwa Tawa ba bana, na tambaya maka da kaina. Kai ne za ka koma. Kada ka ɓata wata takwas a minti biyu."

Ya fita gaida manya. Iliya ya zauna shi da injin. Ya gutsuri burodin, ya tauna, ya ture sauran gefe. Yana son ya koma gida. Ya gwada lissafa wa kansa hujjoji, ya same su duka a jere kamar yadda Attahir ya bar su, kuma ba ɗaya da ta yi ƙarya. Ta taga yana hango dattijon a gindin bedi, inuwa ta matsa, shi ma ya matsa da ita.

Kafin huɗu ya haɗu da Haruna a baranda. Haruna ya duba hagu da dama, ya miƙo hannu.

"Kwana biyu, mutumin Dogon Dutsi."

"Kwana da yawa."

"Yau kam kun ci. Namu wawa ne, duk sunan da aka ba shi sai ya karɓa ya yi godiya. Kaftin kuma ɓarayi yake son kamawa." Ya yi 'yar dariya, babu ɗaci a ciki. "In ka isa ka gaida Esta. Ka ce mata tsiren Tawa ya yi kewarka tun kana garin."

Da yake injin ba ya jure zafi, kwamitin ne ya zo wurinsa. Mutum bakwai suka cushe a ɗan ɗakin, kaftin a gaba a kan kujerar Iliya. Dogo ne, mai ƙarancin magana, kowa a Tawa ya san ya taɓa kulle wani mai awo kwana goma don mudu biyu. Da Faransanci aka yi zaman. Haruna ya fara, ya yi bayanin araha da sauƙin gyara, kaftin yana duban agogo. Sannan Attahir ya tashi. Mutumin ya iya magana, a ba shi wannan. Da ya kai ƙarshe ya yi wa Iliya alama, Iliya ya danna, na'urar bugawa ta fara kururuwa tana amayo doguwar takarda har ta taru a ƙasa.

Kaftin ya ɗaga takardar, ya bi ta da ido.

"Dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu," ya ce. "A shekarar yunwa." Ya naɗe ta a hankali. "Gobe wannan za ta je wa jandarmomi. Kowane gari a kawo mani mai gari, da duk wanda ya rubuta kansa sau biyu. Zan sa su sauke kamiyo a rana har su gane."

Sai ya juya, ba wajen Attahir ba, wajen Iliya da ke tsaye a jikin bango.

"Kai ka zuba sunayen nan da hannunka. Injinka na kuskure?"

Iliya ya ji takalmin Attahir ya sauka a kan yatsunsa, a hankali, ya zauna. Jakar da takalman Rut ke ciki na jingine da ɗayar ƙafar. Kalma ɗaya ake nema, gajeriya, kuma ba ma ƙarya ba ce sosai. Na'urar sanyi na ta huci. Ya ji muryarsa ta fito ƙarama.

"Injin ba ya kuskure, mon kapiten. Abin da aka gaya masa yake yi. Mu ne ba mu gaya masa daidai ba. Da yawa a cikin takardar nan ba ɓarayi ba ne. In an yarda, akwai mutum a waje."

Takalmin ya ɗaga daga ƙafarsa.  Kaftin ya ɗaga haɓa, Iliya ya fita ya shigo da dattijon, wanda ya sake tuɓe takalmansa a inda ya tuɓe su da safe. Ya gaida kaftin da ranka shi daɗe, ya gaida sauran ɗaya ɗaya, ba ya sauri. Da aka ce ya yi bayani, ya jingina sanda ya lanƙwasa yatsunsa kamar ɗazu, daga Illa Gajere har kansa. Da ya zo kan raƙumin da ya mutu, wani a cikin kwamitin ya yi dariya, ya haɗiye ta. Likitan da ke cikinsu, ɗan Afala ne, ya ce a hankali, a unguwarsu kaɗai ya san Talatu Amadu huɗu, uku mazansu sun tafi cin rani.

Kaftin ya daɗe yana duban takardar da ke hannunsa.

"Wato wata guda na hana mutane hatsi da sa hannuna," ya ce. Ya juya ga Haruna. "Naku fa?"

"Namu ba ya share kowa, mon kapiten. Amma ba ya kama kowa. In akwai mai cuta, zai ci."

"Ɗaya makaho, ɗaya mahaukaci. Na gode muku."

Ya fara miƙewa. Iliya ya ga an gama, ya fara tunanin yadda zai gaya wa Esta an kore shi, har ya ji wani ɗan sauƙi, don korarre ma gida yake komawa. Sai Attahir ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta koma daidai, kai ka ce shi ya shirya shigowar dattijon tun daga Yamai.

"Mon kapiten, abin da kuka gani yanzu shi ne ainihin abin da Belkor ke sayarwa. Inji ya nuna inda za a duba, mutum ya je ya duba. Wa ya gano matsalar nan? Mutuminmu. Wa ya faɗe ta a gabanku ba tsoro? Mutuminmu. Abokan gasarmu za su kafa inji su hau jirgi. Mu za mu bar muku shi." Ya dafa kafaɗar Iliya. "Zai bi gari gari, daga Barmu zuwa Afala har arewa wurin makiyaya, ya zauna da masu gari, ya rubuta laƙabin kowane mai gida. Shekara biyu, kamfani ne zai ɗauki nauyinsa. Ranar da ya gama, Tawa za ta mallaki jerin da babu irinsa a ƙasar nan."

Kaftin ya koma ya zauna. Ya dubi Iliya daga sama har ƙasa, kamar yadda ake duban jakin da za a yi doguwar tafiya da shi.

"Wannan ba ya ƙarya," ya ce. "Shi nake so, ba wani ba. A rubuta sunansa a cikin yarjejeniyar. Ranar da ya bar Tawa, yarjejeniya ta tashi. Dubu huɗun nan kuma a mayar da su gobe, duka, har sai ya tantance."

Aka kawo takardu, aka ƙara layi da biro, aka sa hannu. An tambayi likita, an tambayi wakilin masu gari, har Haruna an tambaye shi ko yana da ƙorafi ya ce babu. Iliya ne kaɗai ba a tambaya ba.

A bakin mota Attahir ya riƙa dariya yana share zufa.

"Ka kusa tsayar mani da zuciya. Amma ka san me ka yi? Ka ba mu abin da za mu sayar a Maraɗi da Damagaram. Inji da mutum. Paris za su haukace." Ya ga fuskar Iliya, ya rage murya. "Za a ƙara maka albashi. A ba ka babur. Hutu kuma, in Disamba ta yi, za mu gani."

Attahir ya fasa kwana, ya ce gara ya kai labarin da zafinsa. Direba ya tada mota. Iliya ya buɗe jaka, ya ciro ƙunshin jaridar, ya gyara naɗin, ya miƙa ta taga.

"Ka ba Esta. Ka ce mata ta sa wa yarinyar yanzu. Kada ta aje sai na zo."

"Wasiƙa fa?"

"Zan rubuta."

Motar ta fita. Haruna ya wuce da jakarsa, ya tsaya ya matse masa hannu. Kamfaninsu ya faɗi, jibi zai koma Yamai.

Dattijon na nan a gindin bedi, yana cusa takardar hatsinsa a cikin hula tare da katin. Wani kamiyo zai bi ta Barmu kafin magariba, an ce ya hau.

"Mushe, ban tambayi sunanka ba."

"Iliya."

"Iliya." Ya juya sunan a baki. "To ai Illa ke nan a wurinmu. Mun zama goma. Na ji an ce kana tahowa. In ka zo ka ce gidan Illa Kurma. Kak ka ce Illa Amadu, sai ka wuni kana yawo."

Ya saɓa salkarsa, ya tafi yana dogara sanda, bai waiwayo ba.

Iliya ya kashe injin, ya rufe shi da ƙyallensa, ya kulle ɗakin. Ya bi hanyar da ya saba, ta bayan tasha, inda mai tsire ya fara hura wuta. Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Ɗakin na nan yadda ya bar shi, a share, ƙusoshin bango ba komai a kansu, akwatin a tsakiya. Ya ji yana son shayi, rishon kuwa yana ciki.

Ya durƙusa ya kama ƙullin. Ya ja da yatsa, ya sa farce, farcen ya karye. Da safe ya ɗaure shi da dukan ƙarfinsa, ɗaurin da ba a yi niyyar kwancewa ba sai a Yamai. Wuƙarsa ma tana cikin akwatin. Ya miƙe ya leƙa waje. Ƙofofi biyar ne a gidan hayar, ana daka a bayan ɗaya, rediyo na magana a bayan wata. Wata takwas, bai san wadda zai ƙwanƙwasa ya ari wuƙa ba.

Ya koma ciki, ya zauna a ƙasa, ya jawo akwatin tsakanin ƙafafunsa, ya sa haƙori a ƙullin ya fara ja a hankali.